Zakaran da Ya Rage

A shagon abincin dabbobi na garin Pinedale a Amurka, Darlene tana bin layi rungume da buhun fararen robobi, sai wani tsoho mai malafa ya leƙa buhun.

"Baiwar Allah, biki za a yi wa shingen naki?"

"Saboda kajin tazargade zan rataya su, Baba, kajin dajin nan. Da asuba ba sa ganin wayar, sai su afka mata."

"Wahalar banza! A filinki suke rawa, a filin gwamnati suke ƙwai, can kuwa gobara ta lashe. Nawa suka zo miki bana?"

"Zakara ɗaya. Yana ta hura ƙirji, ba kaza ko guda."

Tsohon ya murza bakin malafarsa.

"Yana ƙarar nan tasa? Kamar ana ɓalle murfin kwalba?"

"Yana yi. Ai na ɗauka ba ruwanka."

"Saboda matata nake tambaya. Sunana ma ya ɓace mata, amma kullum asuba sai ta buɗe taga, ta ce me ya sa kajin suka yi shiru. Na filinmu sun daɗe da ƙarewa."

Darlene ta sauke buhun.

"Kawo ta gobe kafin rana ta fito, Baba. Kada ka ce sai baɗi."