Sunan Baba Hambali Kaɗai Ke Kan Kamfanin

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyarmu Alhaji Tamimu, limaminmu Malam Souley, iyayenmu mata, musamman Hajiya Firdaoussi matar marigayi Baba Hambali, da 'yan'uwa na Nijar da na Zongo da kuka rufe shaguna kuka zo, ina gaishe ku. Na gode da kuka aike ni wurin lauya, ko da yake da wani kuka aika da ya fi.

Kun san dalilin aiken. Shagon naman da muka haɗu muka buɗe a New Jersey ya dawo nan Port Richmond a jihar New York, mai gidan kuma ya ce ba zai sabunta mana haya ba sai da kamfani mai rajistar New York. In aka rufe, su Hamidou da Yaw masu yanka ba su da abin kai wa gida.

Na tambayi yadda za a dawo da rajistar kamfaninmu New York. Na farko, lauyar ta ce akwai conversion, wato kamfani ya sauya iri amma shi ne dai. Na ce to, a yi mana. Ta ce ba namu ba ne. Na biyu, ta ce akwai domestication, wato kamfani ya sauya jiha amma shi ne dai. Na ce alhamdu lillahi, ga namu! Ta ce namu ne, amma a nan ba za a yi mana ba. Na uku merger, a buɗe sabon kamfani ya haɗiye tsohon. Na ce, "Tsohon ya mutu ke nan?" Ta ce bai mutu ba. Na ce, "Yana raye?" Ta ce a'a. Jama'a, na daɗe ina tuƙa tasi a garin nan, wallahi ban taɓa ɓata hanya irin ta ranar ba.

Sai ta ce, "Su wa ke da kamfanin?" Na ce mu duka. Ta duba, ta ce sunan mutum ɗaya ne, na Baba Hambali. Ku tuna ranar rajista, da aka ce kowa ya sa sunansa, kowa ya sunkuyar da kai ya ce, "Wane ni in jera sunana da na Baba?" Na ba ta wannan labari. Ta ce wace doka ce haka? Na ce kunya ce. Ta ce ba ta karanta ta ba.

Duk bayanin nan abu ɗaya na gane. Ta ce kamfanin ya zama gado, ba abin da za a taɓa sai Hajiya ta sa hannu. Hajiya, mun gayyato ki a matsayin baƙuwa, ashe a shagonki muke. Ba mu da hujja, roƙo muka zo.

Allah ya jiƙan Baba Hambali, ya raya zuriyarsa, ya mai da kowa gida lafiya, ya kuma sa Hajiya ta dube mu da idon da shi ya dube mu. Na gode.