Sunan Yero a Kan Yashi

A bakin kogi kusa da Kaoje, shekarar samun 'yancin kai, wani tsoho yana zane a yashi da tsinke. Wani Bafillace mai jiran jirgin fito ya tsaya a kansa.

"Baba, duba kake yi?"

"Wane duba! Boko ne. Ajin yaƙi da jahilci na shiga bana."

"Da furfurar nan? Jikokinka ba su yi maka dariya?"

"Suna yi, ni ma in taya su. Jiya har jikin rumbuna na rubuta gero."

"Mantawa kake da abin da ke ciki?"

"A'a, don daɗi kawai! Mi sunanka?"

"Yero."

"Dakata kaɗan. To, ga ka nan kwance."

"Ni ne wanga?"

"Kai ne. Wanga mai ƙaho biyu shi ne farkonka."

"Wallahi kamar saniyata! Baba, janye ƙafarka, za ka taka ni."

"Ga jirginku can zai tashi."

"Bari shi tahi, wani na zuwa. Miƙo tsinken. Ta ƙahon ake farawa ko ta ƙafa?"