Yatsan da ya mayar da ni cikin rijiya

Salamar Yesu mai ceto ta kasance tare da ku, 'yan'uwa!

Ni ne Iliya, mai haƙar rijiya daga Korgom. Da fushi na miƙe yau, ku yi haƙuri da ni.

Rijiya ta rufta da ni da ƙanena Dauda a Hawandawaki. Ni aka jawo da rai, shi kuwa gawarsa aka fitar. Tun ranar, ko ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi na ji sai numfashina ya ɗauke. Na kasa leƙa rijiya, ga 'ya'yan Dauda a hannuna, ba ni da wata sana'a.

Sai wani ɗan'uwa da muke sujada tare ya ce ya ga maganin a waya. "Ai ba wuya, Iliya. Bi yatsana da ido, ka faɗi komai." A gindin itacen bedi, gaban jama'a! Yana kaɗa yatsa, ina jin ƙasa na zubo mini, Dauda na kirana. Na ce ya tsaya. "Daure mana, ba namiji ba ne kai?" Motar kasuwa na yin oda, ya tashi ya bi ta, ya bar ni ina birgima.

Wane irin rashin imani ne wannan? Daga nan ko randar gidana ban iya buɗewa.

Na durƙusa cikin gona na ce, "Ubangiji, kai ka fitar da ni daga rami, ga bawanka ya mayar da ni. Ko ka sake fitar da ni, ko ka kai ni wurin Dauda!"

Ya kuwa ji! Wani ma'aikacin asibitin Tasawa ya tura ni birni wurin wata likita. Ya ce, "Tambaye ta inda ta koya, da wanda ke duba aikinta." Na tambaya da gatse, ta amsa ba fushi. Na yi ta zuwa ba ta motsa yatsa ba, sai koya mini kwantar da numfashi. Ranar da muka fara aikin yatsa ta ce, "In ya yi yawa, ɗaga hannu." Na ɗaga don in gwada ta. Ta tsaya cak!

Makon jiya na sauka rijiya a garin Sarkin Hausa. Halleluya! Marayun Dauda sun ci gumina.

Fasto ya ce in yafe, na yafe. Amma na ji ɗan'uwan nan ya kira matar Dauda gindin bedi, zai kaɗa mata yatsa. Kul! Baba mai yatsa, da kai nake, kana jina daga baya can.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, ku kuma yi tambaya kafin ku miƙa wa kowa idonku. Amin!