Wa Ya Ji Muryar Ma'aikatan?

A ɗakin jiran likitan ido, wani ɗalibin digiri na uku ya samu mai sauraro, wata hajiya ma'aikaciyar kamfanin inshora.

"Bincikena a kan ƙirƙirarriyar basira ne, Hajiya, yadda kamfanoni da jami'o'i ke zuba mata sirrin mutane ba izini. Ma'aikatansu nake hira da su, ina naɗar muryarsu a waya."

"Mu ma an kawo mana ita. Ma'aikata suna gaya maka gaskiya kuwa?"

"Sosai! Har da masu zagin shugabanninsu. Na yi musu alkawari ba mai jin muryarsu sai ni."

"Kai ka zauna ka rubuce duk surutun nan?"

"Ina! Manhajar ƙirƙirarriyar basira na ɗora wa, nan da nan ta gama."

"Su sun san ta ji?"

Ya juya wayar da ke hannunsa.

"Ai ita ba mutum ba ce."

"Haka manajanmu ya ce ranar da ya ɗora mata takardun asibitin mutane."

"Hajiya, wannan babban misali ne! Za ki yarda mu yi hira?"

Ta dubi wayar da ke hannunsa, ta janyo jakarta.

"Ɗana, ni ido na zo a duba min."