Jajayen Sulalla da Karsanar Inna

Kai Sanusi, kawo abin nan da ka tono a gindin rumbu. A'a, kar ka goge shi da miyau. Ku matso ku ji yadda kakanku ya tafka wauta da gemunsa.

Kuɗin da na tafi ci-rani da su na karsanar Inna ne. Ita kaɗai gare ta, fara mai baƙin kunne. Da hannunta ta ja ta zuwa kasuwar Gazawa ta sayar, ta ƙulle mini kuɗin a tsumma, ni kuwa na rantse mata sai na mayar mata da wata. Baba gargaɗi ɗaya ya yi mini: in guji kuɗin takarda, don gara ta taɓa cinye masa jika biyu a rufin ɗaki. "Ƙarfe za ka riƙe," in ji shi, "ƙarfe bai mutuwa." Ga kuma shaida a hannun Inna, awarwaron da maƙeri ya yi mata da tsohuwar dalar azurfa.

Kano na faɗa, unguwar Fagge, na kama ga-ruwa. Garwa biyu a sanda, daga famfo zuwa gidajen mutane, sawu ɗaya kwabo, sawu goma sha biyu sule. Sunana ma ya ɓace, kowa "ɗan Faranshi", don daga ƙasar Faranshi na ƙetaro. In na ce buro su yi dariya, wai ofis ake cewa. Su da ke yini suna "indifenda, indifenda" don murnar 'yancin kai, ka tambaye su me ke nan, sai su ce ai an ba mu ita.

Mai gidan da na kama haya, Malam Tanko, Allah ya ji ƙansa, amma bai ji ƙaina ba. Kullum da safe:

"Ɗan Faranshi, randata ta bushe."

"Kwabo ne, Malam."

"A gidana kake kwana kana ce mini kwabo?"

"To kwanan kyauta nike?"

Haka muka yi rani uku. Ban taɓa yarda da maganarsa ba, ko sallama ya yi sai na duba aljihuna.

Sulen lokacin ja ne, mai itacen kwakwa a baya da kan sarkin Ingilishi a gaba. Duk kwabban da na tara sai in mayar da su sule, in damina ta kusa in kawo gida in zuba a tukunya in binne nan inda Sanusi ya tono. Ana nan sai ga sabon sule fari ya shigo gari. Na juya shi, na buga a dutse, bai kwanta mini ba. Sai na shiga bin masu tebur ina cewa su karɓi farin su ba ni ja. Ku ga yadda suke ba ni da fara'a! Wata mai ƙosai har kirana take yi daga nesa, ta ce ta ajiye mini. Ni kuma ina tafe ina cewa a raina, mutanen birni ba su san kuɗi ba.

Malam Tanko ya gan ni ina ɗaure su, ya ce, "Kai, waɗannan za a daina karɓa. Kai su banki a canja maka."

"In kai su ina?"

"Banki. Ko ka kawo in kai maka."

"Ka kai mini? Allah ya kiyashe ni!"

Da bai ƙara wannan ta ƙarshen ba, wataƙila da na saurara. Gaskiya ɗaya mutumin nan ya taɓa faɗa mini, ita ce kuma na ƙi ji.

Sai da na ƙara wata damina a gida kafin na tono tukunyar. Ranar kasuwar Agiye na zaɓi karsana, fara, har mun yi ciniki, na je wurin ɗan canji in karɓo kuɗin ƙasarmu. Ya zuba hannu ya ɗebo, ya dube ni.

"Daga wane kabari ka tono waɗannan?"

"Kuɗi ne."

"Da can. Ko a Kano an rufe karɓa."

Na dire tukunyar a ƙasa. Muna nan sai ga wani mushen lakol, wato malamin makarantar boko, ya tsuguna, wai shi mai tara tsofaffin kuɗi ne don yara su san tarihi. Ya baje rani ukuna a tabarma yana tsinta, wannan sarki mai gemu, wancan marar gemu. Guda uku ya ɗauka, ya ba ni dala biyar, har yana ce mini in adana sauran, abin tarihi ne. Saura kaɗan in rafka masa tukunyar a ka.

Inna na zaune a ƙofar gida, ta riga ta kafa turke ta share wurin. Ta dubi hannuna ba igiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ruwa ta kawo mini, washegari ta tuge turken da kanta. Sai bayan shekara huɗu na sayi karsana da kuɗin gyaɗa, lokacin Inna ta yi wata biyar a ƙasa.

Kar ka jefa shi sama, Sanusi, ba abin wasa ba ne. Sawu goma sha biyu ne a kafaɗata. Mayar da shi inda ka ɗauko.