Tafintan Inna

"Minti biyar, Dakta, manyan baƙi suna da wani taron." Abin da mai gabatarwa ya raɗa mini ke nan da zan hawo. Zan yi ƙoƙari, amma malamar da ke tsaye gefena sai ta mayar da kowace kalma tawa zuwa hannu, kuma ba zan sa ta gudu ba.

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban hukumar gudanarwa, wanda muka ji daɗin ganinsa a harabar nan karo na farko, shugabar makaranta, malamai, tsofaffin ɗalibai, waɗanda takardar gayyata ta kira masu larurar ji, su kuwa suke kiran kansu kurame ba tare da neman afuwa ba, 'ya'yan marigayi, sai Inna, matarsa ta shekara arba'in da ɗaya. A jerin sunaye ita ce ta ƙarshe, a wurin zama ma haka. An ajiye ta bayan ginshiƙi, inda ba ta ganin hannun mai fassara. Injiniya, don Allah matso da kujerar mahaifiyarka gaba. Za mu jira.

Madalla.

Marigayi Malam ya kasance malamin kurame a makarantar nan shekara talatin da takwas. Shi yana ji, kurma ya aura, kuma a ɗakinta ya koyi maganar hannu, ba a kwaleji ba. Yakan ce digirinsa daga Inna ya karɓa, kuma har gobe ba ta yarda ya ci jarrabawar ba.

Ni daga jami'a aka turo ni, shekara goma sha biyu da suka wuce, in rubuta ƙamus na maganar hannu. Na ɗauka aikin wata shida ne. Kujera, ruwa, takalmi, duk abin da ake iya nunawa da yatsa bai ba mu wahala ba. Sai muka iso kan adalci. Na karanta masa ma'anar da na rubuta, layi uku, har da waƙafi biyu. Ya gyara tabarau ya ce, "Malama, wannan ai ba ma'ana ba ce, wasiƙar neman aiki ce." Ya ja ni aji. Ya ajiye lemo ɗaya da wuƙa a gaban ɗalibai biyu, ya koma gefe. Ɗaya ta yanka, ta harɗe hannu, ta bar ɗayar ta zaɓa. Ya ce, "Rubuta: wanda ya yanka ba shi ke zaɓa ba." Alamar da muke yi ke nan har yau: a tsaga tafin hannu, a miƙa. Na yi shekara bakwai ina karatun harshe, ban samu abin da ya fi wannan ba.

Ya kasance ba ya ƙirƙira alama. Jira yake yi, wani lokaci shekara biyu, har ya ga ta fito daga hannun wanda abin ya shafa. Wannan jiran kuwa kuskure ne ya koya masa shi. A shekararsa ta farko mahaifin wata ɗaliba ya rasu, aka ce shi ya gaya mata. Bai da alamar mutuwa, sai ya yi ta tafiya. Yarinyar ta fahimta sarai. Wata huɗu tana tsayawa a bakin get bayan an tashi, da jakarta a kafaɗa, tana jiran mahaifinta ya dawo. Tana nan cikinmu yau, ta yi jika, ita ta ba ni izinin faɗa. Shi kuwa bai taɓa wuce get ɗin nan bai sunkuyar da kai ba.

A ɗakinsa na nan makaranta akwai akwati mai katuna dubu huɗu da 'yan kai, kowanne da zanen hannu. Zanensa ba kyau, wasu hannuwan yatsa shida gare su. Amma a ciki akwai amana, akwai kunya iri uku, akwai bambancin tsoro da fargaba. Mu da muka zauna da shi, a can muka gane cewa yawancin kalmomin da muke faɗa da baki ba mu san abin da muke nufi da su ba. Saurin faɗa ne kawai ke rufa mana asiri.

Yanzu zan faɗi abin da ba a saba faɗa a irin wannan taro ba. Shi ya roƙe ni, a gadon asibiti.

Ya kasance tafinta a gidansa, kuma tafintan da ke ƙarya. Na ci abinci a teburinsu ba sau ɗaya ba. Kullum yana tsakiya, Inna a dama, yara a hagu. Wata rana Inna ta yi wa Injiniya faɗa da hannu biyu, har cokali ya faɗi. Ya ce, "Baba, me take cewa?" Malam ya ce, "Ta ce ka rame, ka ƙara abinci." Abin da ta ce kuwa shi ne ya yi wata uku bai leƙo ta ba, ko ita ce ta mutu ba a gaya mata ba? Haka in yaro ya yi magana mai zafi, kafin ta isa wurin uwar ta huce. Kowa ya tashi daga teburin nan yana murmushi, ba wanda ya ji kowa.

A asibiti ya ce mini, "Malama, na koya wa 'ya'yan mutane, nawa kuwa na hutar da su. Na ɗauka kirki nake yi." Na ce masa ai da sauran lokaci. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ke ma kin koyi irin fassarar tawa."

Injiniya, Nas, Auta, 'ya'yan Malam, da ku nake. Ba zarginku nake yi ba, kun taso kun tarar da mai ɗauke muku nauyi. Kun iya alamar abinci, kun iya magani, kun iya barci. Mako shida ke nan kullum kuna zuwa, kuna tambayarta ko ta ci, ko ta sha, ko ta kwanta. Shekaranjiya na je, ta ce mini, "Kiwona suke yi, kamar akuya mai ciwon sukari." Ta yi dariya. Daga nan ta ce akwai abin da take so ta gaya muku game da ranar da ya cika, abin da ya yi da hannunsa bayan bakinsa ya daina. Ita kaɗai ta gani. Na ce ta faɗa mini in isar. Ta ce a'a, ta gaji da tafinta.

Shekarunta sittin da takwas. Hannunta na dama ya fara rawa, wasu alamomin sun fara shige wa juna. Ban san tsawon lokacin da ya rage muku ba. Katunan suna nan, ni ma ina nan duk ranar Asabar, kuma ba na ba da maki.

Muna gode wa duk wanda ya zo, da wanda zai wuce wani taron. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kurakuransa, har da waɗanda ya yi don tausayi. Allah ya sa hannuwansa su yi masa shaidar alheri. Allah ya ba iyalinsa ƙarfin abin da ke gabansu. Amin.

Na ga Inna ta miƙe. Ta ce mini da ma in an gama za ta je ɗakinsa ta zauna wajen akwatin, zan raka ta, kuma zan ja ƙofar a bayanmu. In ɗayanku ya biyo, kada ya ƙwanƙwasa, ba za ta ji ba. Akwai makunnin fitila daga waje, babanku ya sa shi. A kunna, a kashe, sau biyu.