Garantin Ɗan Kurgu

Kuɗin motar da suka kai ni Ikko kuɗin akuyar Inna ne. Jar akuya ce mai ciki, ta sa aka ja ta zuwa kasuwar Bagudo, ta ƙulle kuɗin a bakin zane kwana uku ba ta ce mini komai ba. Ranar tafiya ta rako ni har bakin hanya, ta kwance ta danƙa mini. Tun da kunnenta ya yi nauyi ba ta san ƙarfin muryarta ba, don haka duk wanda ke cikin motar ya ji ta: "Bawa, in ka iske abin da za shi jiyar da ni Isiya, ka sawo mani."

Ku da kuke zaune nan kuna lissafin tafiya bayan girbi, rabinku ba ku san Isiya ba. Ƙanena ne, autan Inna. Kaya yake ɗauka a kwale-kwale tsakanin Dole Kaina da tsallaken Binin, har ranar da ruwa ya cika jirginsu ya kife. Kwana biyu kafin nan ya turo mini saƙon murya a waya, ya ce in kunna wa Inna. Bai kai minti ɗaya ba. Farkonsa yana cewa, "Inna, kina ji na?" sannan ya ce ya sawo mata atamfa, ta aje masa miyar kifi ranar Laraba. Shi ke nan abin da ya rage mana na muryarsa.

Na kara mata wayar a kunne, ta ce kamar sauro take ji. Mun kai ta asibiti Birnin Kebbi, aka ce jijiya ce, ƙara mai ƙarfi kaɗai ke shiga. Har lasifikar masallacinmu na Sharabi na aro, muka haɗa. Ƙara kam ta fito, amma muryar ta farfashe. Inna ta saurara, ta girgiza kai ta ce, "Wanga ba Isiya na ba." Ta tashi ta shige ɗaki.

To, na isa Ikko. Kada ku ji ana Ikko Ikko ku ɗauka aljanna ce. Mu bakwai a ɗaki guda, mai gidan kuwa wani gajere ne mai tumbi, kullum da safe yana tsaye bakin famfo yana ƙirga bokiti.

"Malam, bokiti nawa?" Can kowa Malam ne, ko alif ba ka sani ba.

"Ɗaya."

"Jiya na ga biyu!"

"Ɗayan na alwala ne."

"Sau nawa kuke alwalar nan?"

"Biyar."

Ya kama kai kamar an ce masa gidansa ya ci wuta.

Daga baya na samu gadi a gidan wani oga. Ranar farko direbansa ya nuna mini wata taga ya ce nan ne homtiyata. Ni kuwa tiyata ɗaya na sani, wadda ake yanka mutum a asibiti. Mako guda ina kauce wa tagar nan, ina cewa a raina wane irin gida ne na faɗo, da ɗakin yanka mutane a ciki. Ku yi dariya, ni ma na yi daga baya. Sai ran nan aka kira ni in ɗaga kujera, na shiga na tarar da talabijin da sifiku tsaye kamar turame, da wani baƙin akwati a tsakiya. Risiba ake ce masa, shi ne kan kayan, shi ke karɓar murya ya raba wa sifiku. Wani mutum na magana a ciki a hankali, amma har numfashinsa ina ji, kuma ƙarar tana taɓa ni a ƙirji. Na tsaya da kujera a hannu. Na miƙa yatsa zan taɓa akwatin, matar oga ta daka mini tsawa.

"No toch am! Ka san kuɗinsa?"

"A'a, madam."

"Albashinka na shekara bai kai ba!"

Ƙarya ta yi, amma ba da yawa ba. Daga ranar na san abin da ya kawo ni Ikko. Shekara biyu garin kwaki ya san ni, na san shi.

Direban nan, Allah ya saka masa, ya ce in zan saya in je wurin otoraiz dila, wato shagon da kamfanin da kansa ya yarda ya sayar da kayansa. Bakina ya kasa, sai nake cewa attarugu dila, har sunan ya bi ni a unguwar. Na je. Shago ne na gilashi, sanyi kamar cikin randa. Wata yarinya mai fara'a ta nuna mini ƙaramin risiba da sifiku biyu. Kuɗina sun gaza da abin da zan tara a wata uku. Ta ce tsadar saboda akwai garanti na shekara guda.

Nan fa na ji kalmar da na sani. Ku ma kun san garanti a wurinmu. In za ka sayi babur a Dole Kaina, ba takarda ake duba ba. Mutum ne zai tsaya, wanda aka san ubansa da gidansu, ya dafa ƙirji ya ce, "Ni na garanti." In babur ya ba da matsala, ƙofar gidansu za a je. Sai na tambaye ta wane ne garantin, a kira shi in gan shi. Ta yi murmushi ta jawo wani ɗan kati mai hatimi. Na juya shi gaba da baya. Na ce a raina, wannan ba shi da uba, ba shi da gari, in ya ci amanata gidan wa zan je? Na aje mata na fito, har ina jin ni ne mai wayo.

A babbar kasuwar kayan wuta, cikin hayaniya, ina waya da ƙanwata Hajo, sai na ji an ce daga bayana, "Kai, ɗan'uwa, mutumen ina na?" Shekara biyu ban ji harshen gida a bakin baƙo ba. Na juya na ga wani dogo a rumfa cike da kwalaye. Sunansa Garba, ɗan Kurgu. Ya san mahaifina, ya san gonarmu ta fadama, har Isiya ya sani, ya yi mini ta'aziyya. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Kafin in ankara na zazzage masa cikina duka.

"Attarugunka ɗin nan kuɗin gilashi da sanyi suka amsa," in ji shi. "Ga wanga, na Amurka na, ya hi nasu. Kawo wayar."

Ya haɗa. Muryar Isiya ta tashi a tsakiyar kasuwar Ikko, garau, kamar yana tsaye bayana. Na durƙusa a wurin na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Idona cike da hawaye na ga wayar wutar ta bi ta wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, amma wa ke ta akwati a lokacin?

Na share ido na ce, "To garanti hwa?"

Ya dafa ƙirji. "Ni na garanti. Ka san gidanmu."

Kuɗin bai kai na shagon gilashi ba, har na samu rarar da na saya wa Inna atamfa.

Na iso Sharabi ana saura kwana biyu Sallah. Washegari bayan la'asar na aro janareton mai cajin waya, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Maƙwabta suka cika gidan. Inna ta yi wanka, ta ɗaura sabuwar atamfar, ta zauna dab da sifika, ta ɗora tafin hannunta a kai don in kunne ya gaza hannu ya ji. Na tada janareto. Na soka waya.

Sai ji muka yi tas! Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin. Maƙwabta suka kalli juna.

Inna ba ta ji ƙarar ba. Tana nan zaune, ido a rufe, hannu a kan sifika, tana jira. Wallahi na fi son a ce duka aka yi mini a kasuwa da in ga zaman nan nata. Can ta ce, "Bawa, ya hwara?" Ta shaƙi iska ta ce, "Hajo, kin bar wani abu bisa wuta." Hajo ta toshe baki ta ruga bayan ɗaki. Na matsa kusa da kunnen Inna na ɗaga murya na ce kan ne ya ɗan samu matsala, zan koma in gyaro. Ta ɗauke hannunta a hankali ta ce, "Ba komi. Na saba jira nai."

Ranar Sallah da yamma na kama hanya, na bar sifikun a ɗakinta. Na dire akwatin a gaban Garba.

"Ban hwaɗa maka na Amurka na ba?" in ji shi. "Wutarsu rabin tamu ta. Sai da akwatin rage wuta."

"Ka ba ni akwatin?"

"Ka tambaya?"

"Garantin da kab ba ni hwa?"

"Garanti nib ba ka shina aiki. Kuma ka ji da kunnenka, har kuka kay yi."

Na ci kwalarsa. 'Yan kasuwa suka taru suka ɓamɓare ni, wani na tambaya ina rasit. Babu rasit. Wa ke neman rasit wurin ɗan gida?

Na ɗauki akwatin na kai shagon gilashi, kaina a ƙasa. Mai gyaransu ya juya bayan akwatin ya nuna mini inda aka kankare lamba. Ya ce wannan ba ta hannunsu ya shigo ƙasar ba, ba su da ikon taɓa shi, kuma cikinsa ya ƙone ƙurmus. Ya ce nasu an yi su ne don wutarmu, ko da ya lalace katin nan da na raina shi zai sa a canza mini. Yarinyar ta gane ni. Ni kuwa ban ɗaga kai ba.

Gidan su Garba kuwa yana nan Kurgu, bai yi ƙarya ba. Na taɓa zuwa har ƙofar. Na tarar da wani tsoho yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi, ya tambaye ni ko na san ɗansa Garba a Ikko, yana lafiya? Na ce yana lafiya. Na juyo.

Wata tara na ƙara a bakin get ɗin oga. Duk Juma'a in na kira, Hajo kan ce Inna na share ƙurar sifikun da gefen zane, tana gaya wa masu shigowa Bawa ya tafi kawo kan. Ranar da kuɗin suka cika na je shagon gilashi na sayi kan kaɗai, aka buga hatimi, aka rubuta sunana a kati, na sa shi a aljihun gaba. Muna hanya, mun wuce Kwantagora, wayata ta yi ƙara. Hajo ce. Zazzaɓin kwana uku ne kawai. Kafin in iso an kai Inna.

Bayan addu'ar bakwai mutane suka watse. Na shiga ɗakinta, ga sifikun nan a gefen gado, ta lulluɓe su da atamfar don kada ƙura ta hau. Ban san abin da ya sa ba, na aro janareto na haɗa. Hajo na tsaye bakin ƙofa tana cewa in bari. Na soka waya. Ba hayaƙi, ba komai, wata 'yar fitila ta kama shuɗiya. Na danna.

Muryar ta cika ɗakin, ta fita tsakar gida, garau, da ƙarfin da ko kurma zai ji a ƙirjinsa.

"Inna, kina ji na?"

Na kashe. Ban sake kunnawa ba, ban kuma koma Ikko ba. Katin yana nan cikin akwatina, shekararsa ta cika tuntuni ba a taɓa buƙatarsa ba.